A kwashe su, a kai su ina?

Duk lokacin da wani mai taɓin hankali ya yi ɓarna a gari, ya fasa gilashin mota ko ya jefi yaro da dutse, ko kuma aka ga wata baiwar Allah tana yawo a bakin kasuwa da cikin da ba a san wanda ya yi mata ba, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin jama'a: gwamnati ta kwashe su. Masu buga waya gidan rediyo su faɗa, 'yan majalisar ƙofar gida su faɗa, wata rana ma ka ji wani babban jami'i ya yi alƙawarin za a gina musu katafaren gida a bayan gari, a zagaye shi da katanga, kowa ya huta. Masu wannan magana ba mugaye ba ne, yawancinsu tausayi ne ke cin su. Sai dai shawarar tasu tsohuwa ce. An gwada ta fiye da shekara ɗari a Turai da Amurka, an gwada ta a ƙasar nan tun zamanin Turawa, kuma duk inda aka gwada ta abu ɗaya ta haifar: gidan da shigarsa ke da sauƙi, fitarsa kuwa sai wanda Allah ya nufa.

Mu fara da namu. Kafin Turawan mulkin mallaka su tanadi wuri a Najeriya, wanda suka yanke wa hukuncin hauka a Legas jirgin ruwa ake sa shi a kai shi Saliyo, gidan mahaukata na Kissy da ke kusa da Firitawun, wanda aka buɗe tun 1820. Ka duba wannan nisa, ka tambayi kanka wace uwa ce za ta iya kai wa ɗanta ziyara. Daga baya aka buɗe na Kalaba a farkon ƙarni na 20, sannan na Yaba a 1907. Na Yaba ɗin ma ba don jinya aka gina shi ba, tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa ne da aka daina amfani da shi, aka zuba mutane a ciki. Shekaru da dama babu ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa a wurin, babu wani maganin kirki, sai masu gadi da ɗakunan kulle da sarƙa. A Arewa kuwa, inda ragamar ke hannun En'e, an bi hanya mafi arha: a ware wani sashe a gidan yari ko a maƙwabtansa, a damƙa mahaukata a hannun waɗanda ke tsaron ɓarayi. Turawan da kansu sun san halin da ake ciki. Sun turo masana sun duba, an rubuta rahoto a 1928, an rubuta wani a 1938, an sake wani a tsakiyar shekarun 1950, kowanne ya ce wuraren nan sun cika sun batse kuma ba su dace da marasa lafiya ba. A karanta, a ce babu kuɗi, a ajiye.

Abin lura shi ne su wane ne ake kamowa. Wanda ciwon ya same shi a ƙauyensu, cikin danginsa, gwamnati ba ta da matsala da shi, ko ya warke ko ya mutu a turu ba ruwanta. Wanda ake kamawa shi ne baƙon da ya zo birni neman kuɗi ciwo ya tashi masa, ko wanda ya tsaya a ƙofar ofishin Bature yana surutai, ko wanda ke kwana a tashar jirgi. Wato tun daga tushe an kafa gidan ne don a share titi, lafiyar mutumin da aka ɗauke daga titin ta biyo baya, in ma ta biyo. Dokar mahaukata ta 1916 a kan haka aka gina ta: likita ya sa hannu, majistare ya ba da oda, a kulle. Yadda ake shigar da mutum ta zayyana shi dalla-dalla, amma batun magani da haƙƙin wanda aka kulle ba su dame ta ba. Aka ɗan yi mata kwaskwarima a 1958, kuma wannan doka ita ce ta ci gaba da aiki a kanmu har watan Janairun 2023. Ƙarƙashinta ne aka riƙa samun mutane a gidajen yari, na Inugu ya yi suna a kan haka, waɗanda ba su saci ko allura ba, laifinsu kawai ƙwaƙwalwarsu ta taɓu kuma danginsu sun gaji.

Wani zai ce ai wannan muguntar mulkin mallaka ce, mu in muka gina namu da kyakkyawar niyya ba zai zama haka ba. A nan ne tarihin Ingila ke da amfani, domin su manyan gidajen mahaukatansu da kyakkyawar niyya aka fara su.

Tsohon gidan Bethlem na Landan, wanda asalinsa ya koma 1247, ya daɗe yana zama abin kunya. Har zuwa 1770 mutanen gari kan shiga kallon mahaukata a matsayin nishaɗin ranar hutu. A 1814 masu bincike suka tarar da wani mutum mai suna James Norris a ciki, an sa masa zoben ƙarfe a wuya an haɗa da wani sandan ƙarfe da ke jikin bango, an ɗaure ƙugunsa da hannayensa, ya yi kusan shekara goma a haka, bai iya matsawa daga bango fiye da taku ɗaya. Labarin ya girgiza majalisar dokoki. A lokacin kuwa akwai wani misali da kowa ke nunawa da yatsa: wani ɗan kasuwar shayi a birnin York, William Tuke, ya buɗe wani ƙaramin gida a 1796 bayan wata mata 'yar ɗariƙarsu ta rasu a gidan mahaukatan garin ba tare da an bar 'yan'uwanta a addini sun gan ta ba. Gidan Tuke na mutum talatin ne ko kusa da haka. Babu sarƙa, babu duka. Ana cin abinci tare, ana aikin lambu, ana kiran kowa da sunansa, kuma mutane suna samun sauƙi suna komawa gida. A Faransa ma, a ƙarshen ƙarni na 18, Philippe Pinel da Jean-Baptiste Pussin sun kwance wa marasa lafiya sarƙa a asibitocin Faris, sama ba ta faɗo ba.

Sai gwamnati ta ce to, tunda abin yana aiki, a yi wa kowa. Dokar 1845 ta wajabta wa kowace gunduma a Ingila ta tanadi gidan mahaukata. Aka gina su manya-manya a bayan gari, da gonaki da filayen shan iska, da niyyar mutum ya zo ya huta ya warke. Amma abin da ya sa gidan Tuke ya yi nasara, wato ƙanƙantarsa da sanin kowa da kowa, shi ne abu na farko da aka yar. Gidan Colney Hatch da aka buɗe a 1851 an tsara shi ne don mutum 1,250. Kafin shekarar 1900 matsakaicin gidan gunduma yana ɗauke da kusan mutum dubu. Da zarar an san akwai wurin kai mutum, sai kowa ya samu wanda zai kai: tsohon da ya rikice, mai farfaɗiya, mashayi, yaron da aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa, yarinyar da ta yi cikin shege, matar da mijinta ya gaji da ita. Waɗanda suka warke suka fita kaɗan ne, waɗanda suka zauna suna taruwa shekara bayan shekara. Gidan ya zama kududdufi, ruwa na shiga ba ya fita, kuma kowa ya san abin da ke samun ruwan da ya kwanta. Likita ɗaya a kan ɗaruruwan mutane ba jinya yake yi ba, lissafi yake yi.

Amurka ta fi kowa zurfafawa. A 1955 mutanen da ke kulle a asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohi sun kai kusan 559,000. Asibitin Pilgrim da ke jihar New York shi kaɗai ya taɓa ɗaukar sama da mutum 13,000, garin guda ke nan, da gidan burodinsa da tashar wutarsa da maƙabartarsa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba waɗannan alƙaluma ba ne. Lokacin da aka rufe asibitin Willard a wannan jiha a 1995, ma'aikata suka hau wani ɗakin sama da aka manta da shi, suka tarar da akwatunan tafiya sama da 400 a jere a kan katako, na maza gefe ɗaya, na mata gefe ɗaya, kowanne da sunan mai shi. Kayan da mutane suka zo da su ne ranar da aka kawo su. Da aka buɗe sai ga hotunan iyali, wasiƙu, takalman fita unguwa, kayan ɗinki da zare a jikin allura, reza, agogo, littattafan addu'a. Kaya ne irin na wanda ya shirya kwana kaɗan. Masu akwatunan da yawa sun yi shekara talatin ko fiye a ciki, aka binne su a filin asibitin, a kan kabarin babu suna sai lamba. Babu wanda ya zo karɓar kayan, domin tun suna raye aka riga aka shafe su daga lissafin gida.

Mutumin da babu mai tambayar lafiyarsa kuwa komai ana iya yi masa. A irin waɗannan gidaje ne aka riƙa yi wa mutane allurar insulin har su suma da sunan magani, kuma a nan aikin yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa ya samu kasuwa. Wanda ya ƙirƙiro shi, Egas Moniz na Fotugal, har lambar Nobel aka ba shi a 1949, wani likitan Amurka kuma, Walter Freeman, ya riƙa yawo asibiti-asibiti yana cusa tsinken ƙarfe ta saman ƙwayar ido. An yi wa dubun-dubatar mutane. Da yaƙin duniya na biyu ya zo abinci ya yi wuya, fiye da mutum 40,000 suka mutu da yunwa a asibitocin ƙwaƙwalwa na Faransa. A Jamus ma ba a jira yunwa ba, gwamnatin Nazi ta kashe kimanin 70,000 da iskar guba tsakanin 1940 da 1941, kuma ba ta sha wahalar nemo su ba tunda an riga an tara mata su wuri ɗaya da sunayensu a rajista.

Mu Musulmi mukan yi alfahari da cewa garuruwanmu sun riga Turai tanadin wurin jinyar masu taɓin hankali, kuma gaskiya ne. Asibitin Nuruddin a Dimashƙa tun 1154 yake, na Sarki Ƙalawun a Alƙahira tun 1284, kuma na Argun a Halab, wanda aka gina a 1354, har yau ana nuna ɗakunansa da ke zagaye da maɓuɓɓugar ruwa don sanyaya ran marar lafiya. Shari'a ta ce an ɗauke alƙalami daga kan mahaukaci har sai ya farfaɗo, wato ana sa ran farfaɗowarsa. Sai dai kada alfahari ya rufe mana ido, matafiyan da suka ziyarci waɗannan wurare a ƙarnonin baya sun ba da labarin sarƙa da taga mai ƙarfe a can ma.

To, tunda haka ne a rufe duka mana? An yi wannan ma, kuma an ga jini. Bayan da aka gano maganin kulofromazin a Faris a 1952, wanda mutanenmu suka fi sani da Largactil, ya zama mai yiwuwa mutum ya sha ƙwaya ya zauna a gida. Amurka ta fara kwashe mutane daga manyan asibitoci, Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar 1963 da ta yi alƙawarin ƙananan cibiyoyi a unguwanni. An rufe asibitocin, cibiyoyin kuwa ba a gina ko rabin waɗanda aka yi niyya ba. Yau in kana neman inda aka fi tara masu ciwon ƙwaƙwalwa a Amurka, gidajen yari na Los Angeles da Chicago da New York za a nuna maka. An gudu daga gara an faɗa wa zago. Mafi kusa da mu shi ne abin da ya faru a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu a 2016. Don a rage kashe kuɗi, hukumar lafiya ta soke kwangilar asibitocin Life Esidimeni, ta loda marasa lafiya sama da dubu a motoci ta rarraba su ga wasu ƙungiyoyi da ba su da lasisin kirki, wasu ba tare da takardun maganinsu ba, iyalai da yawa ba a ma gaya musu inda aka kai nasu ba. Mutum 144 suka mutu, da yawa saboda yunwa da ƙishirwa da sanyi. Italiya ce ta yi abin da ɗan hankali. Franco Basaglia ya karɓi asibitin Trieste a 1971, ya fara gina cibiyoyin unguwa masu aiki dare da rana da gidajen zama da sana'o'i kafin ya kulle ƙofar babban asibitin, sannan dokar 1978 ta hana a sake kai sabon mutum irin waɗannan gidaje a faɗin ƙasar. Ko a can ma, inda aka yi tanadi an ji daɗi, inda ba a yi ba nauyin ya koma kan iyaye mata.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ba sai mun je Italiya neman dabara ba. Tamu muka yi, duniya ta zo ta koya, mu muka sake ta.

A 1954 wani matashin likita ɗan Abekuta, Thomas Adeoye Lambo, ya dawo daga karatu a Ingila aka ba shi asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abekuta, wanda ginin nasa bai ma kammala ba. Kusa da shi akwai Lantoro, tsohon gidan yari da aka mayar gidan mahaukata a 1944, inda aka riƙa ajiye sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya da rikicewar tunani. Lambo ya ga Lantoro, ya san abin da Aro zai zama in aka jira gini ya ƙare aka cika shi. A wancan lokacin kuma manyan masanan Turawa irin su J. C. Carothers suna rubuta cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta cika amfani da sashenta na gaba ba, wai ma ciwon damuwa bai cika kama ɗan Afirka ba. Lambo bai tsaya dogon musu ba. Ya je wurin dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin ya roƙe su su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a cikin gidajensu.

Ka tsaya ka dubi tsarin da kyau. Ba a karɓar marar lafiya sai da ɗan'uwansa, galibi uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wadda za ta zauna da shi a ɗakin hayar, ta dafa masa abincin da ya saba, ta wanke masa kaya, ta raka shi asibiti da safe a ba shi magani, ta dawo da shi. Da rana ya yi saƙa ko noma ko wata sana'a, da yamma ya zauna a dandali cikin mutane, ya je masallaci ko coci ko kasuwa. Akwai ma'aikacin jinya a ƙauyen dare da rana saboda ko-ta-kwana. Su kuma mutanen ƙauye ba a ce su yi don Allah kawai ba: suna karɓar kuɗin haya, an ba su rancen ƙara ɗakuna, an kawo musu ruwa mai tsabta da kula da lafiya, kuma dattawansu na zama da ma'aikatan asibiti a kai a kai ana shawara. Lambo ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, domin ya san marar lafiya da danginsa sun riga sun yi imani da su, in ka kore su ta ƙofa za a bi su ta taga. Ƙauyukan sun riƙa ɗaukar mutum ɗari biyu zuwa ɗari uku a lokaci guda, da kuɗi kaɗan in aka kwatanta da gadon asibiti.

Sirrin abin a wurina shi ne wannan gwaggo da ke zaune a ɗakin. Ita ce idon da babu shi a Bethlem da Willard da Yaba. Ba za a ɗaure ɗanta shekara goma tana kallo ba. Ba za a manta da shi ba, domin ita ma tana da gona da jikoki da ke jiranta, kullum tambayarta ita ce yaushe za a sallame mu. Kuma ranar da aka sallame su, ta riga ta koyi yadda ake ba da magani da alamomin da ke nuna ciwon na shirin tashi, ta ga da idonta cewa ya samu sauƙi, ita za ta shaida wa mutanen gari. Wanda aka kulle shekara biyar a bayan katanga, ko ya warke sarai, ya dawo ya tarar an raba gonarsa, matarsa ta yi aure, sunansa ya koma "wanda aka kai gidan mahaukata". A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta saboda wannan aiki, Lambo kuma ya kai mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A Sudan ma Tijjani al-Mahi ya bi hanya mai kama da wannan, yana aiki da malaman da mutane ke kai wa marasa lafiyarsu. Daga baya birni ya cinye ƙauyukan Aro, ɗakin haya ya yi tsada, gwamnatoci kuma suka fi son abin da za a yanka zare a buɗe.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan raina shi ba. Akwai marar lafiyar da in ciwon ya motsa, ƙarti huɗu ba sa riƙe shi. Akwai wanda ya ɗauki wuƙa ya bi mahaifiyarsa. Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da irin wannan ya san ba a barci, ana ɓoye taɓarya da ashana, yara na kwana a maƙwabta. Cewa irin wannan iyali "ku riƙe naku a gida" ba tare da taimako ba zalunci ne. Ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma mai faɗar haka ya kamata ya zo da magani. Don haka gado a asibiti dole ne, har da ɗaki mai kulle na 'yan kwanaki. Asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri da na Dawanau a Kano suna aikin da babu mai yi in ba su ba, kuma kuɗi da ma'aikata suke buƙata. Bambancin asibiti da gidan ajiye mutane a bayyane yake: a asibiti tun ranar da aka kwantar da kai ake maganar ranar sallama. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki 'yan kuɗin da ake da su a zuba a katanga ɗaya mai gado dubu a babban birnin jiha, alhali mutumin da ke ƙauye mai nisan tafiyar yini ba shi da inda zai karɓi ƙwayar wata. Ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wasunsu ma suna haɗa kayan tafiya waje, wa zai duba mutum dubun da aka tara? Masu gadi ne za su duba su, kamar a 1907.

Mu kuma daina yi kamar gidan mahaukata irin na da tarihi ne da ya wuce. Yana nan, sunansa gidan mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Cikin makonni aka sake bankaɗo wasu a Daura da Katsina da Zariya da Ilori. Aka yi ta Allah wadai, kuma ya dace a yi. Amma yawancin waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗin wata. Uban da ɗansa ya haukace da tiramadol da kodin, ya sayar da akuya ya je asibiti aka ce babu gado, ya je wajen ruƙiyya abin ya lafa ya dawo, ina kake so ya nufa? An rufe gidajen da aka gano, an miƙa yaran ga iyayensu, kuma matsalar da ta kai su can ta bi su gida. A shekarar 2019 ɗin dai ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ɗaure masu taɓin hankali ba a gidajen malamai da coci-coci kaɗai yake ba, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Duk siffofin tsohon gidan suna nan: katanga, babu rajistar da wani na waje ke dubawa, babu ranar fita, kuma mai riƙe da makulli shi ke cin riba in an daɗe.

Batun aiki da malamai da masu maganin gargajiya kuwa, ina goyon baya amma da ido buɗe. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa in ma'aikatan lafiya na matakin farko suna ziyartar wuraren masu magani suna ba da ƙwaya da shawara, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Amma wani gwajin da aka yi a wani sansanin addu'a a Gana ya nuna cewa maganin ya rage ciwon, kwanakin da mutane ke yi a sarƙa kuwa ba su ragu ba. Wato ƙwaya kaɗai ba ta kwance mari. Sai an sa sharaɗi, an kuma samu mai zuwa dubawa ba tare da sanarwa ba.

Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023 ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya, da asusu, da kwamitin da zai duba ƙorafin wanda aka kwantar ba da son ransa ba. A takarda ta yi kyau. Amma tun 1991 ma manufar gwamnati ta ce a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin asibitocin sha-ka-tafi, ka je na unguwarku ka tambaya ko akwai maganin. Jihohi da ƙananan hukumomi ne ke riƙe da waɗannan asibitoci, kuma a majalisun jihohi ne ya kamata a ji hayaniyar. Abin da za a nema ba mai tsada ba ne: a horar da ma'aikacin lafiya ɗaya ko biyu a kowace ƙaramar hukuma, a tabbatar ƙwayoyi da allurar wata ba sa yankewa, a ware 'yan gadaje a babban asibitin kowane yanki kusa da inda dangi za su iya kawo abinci, kuma duk wurin da ke kwana da marasa lafiya, na gwamnati ne ko na malam, ya kasance da rajistar da alƙali ko jami'in lafiya zai buɗe ya tambayi dalilin da wane yake nan har yanzu.

Su kuma na kan titi, waɗanda saboda su ake cewa a kwashe, akwai masu yin abin da ya dace da su a ƙasar nan. Cibiyar Amaudo da ke Itumbauzo a jihar Abiya ta fi shekara talatin tana ɗauko irin waɗannan mutane, ma'aikata na zaune tare da su suna ci tare, ana ba su magani, ana koya musu sana'a. Da mutum ya fara dawowa hayyacinsa ya tuna sunan garinsu, sai ma'aikaci ya hau mota ya tafi neman danginsa, ya zauna da su da mai gari, a shirya ranar da za a mayar da shi da kayan sana'arsa, a kuma haɗa shi da asibitin da ya fi kusa inda zai ci gaba da karɓar magani. Ɗakin da ya bari sai a ba wani.